Sakramenti Bakwai a Cocin Katolika: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ake yawan ji a ajin katikizim (koyarwar bangaskiya), a ƙofar ofishin farish (cocin yanki), da kuma bakin maƙwabta da ba 'yan Katolika ba amma suna son sanin abin da muke yi a gaban bagade. Amsoshin sun bi koyarwar Coci da dokokinta. Inda abu ya danganta da tsarin dayosis, wato yankin da bishof ke shugabanta, an faɗi hakan.

Mene ne sakramenti, kuma me ya sa suka zama bakwai?

Sakramenti alama ce da ido ke gani, wadda Yesu Kristi ya kafa ya damƙa wa Ikilisiya, kuma ta wurinta Allah yake ba da alherin da ido ba ya gani. Kayan aikin duk na yau da kullum ne: ruwa, mai, gurasa, ruwan inabi, ɗora hannu, da kalmomin baki. Bakwai ɗin su ne Baftisma, Tabbatarwa, Yukaris (wato Tarayya), Tuba, Shafe Marasa Lafiya da Mai, Naɗin Masu Hidima, da Aure. Uku na farko suna shigar da mutum cikin rayuwar Kirista, biyu na warkarwa ne, biyu na ƙarshe kuma na yi wa jama'a hidima.

An daɗe ana yin su kafin a zauna a ƙidaya su. Malaman Coci na ƙarni na 12 ne suka jera su bakwai, taron bishof-bishof na Liyon a 1274 da na Fulorens a 1439 suka ambace su haka, sannan taron Tirent ya yanke magana a 1547, bayan da masu neman gyara Coci irin su Martin Luther suka rage adadinsu. Shi ya sa har gobe ɗan'uwanka na ECWA ko COCIN zai ce maka biyu ya sani, baftisma da Jibin Ubangiji.

Idan Fada (wato firist) mai zunubi ne, sakramentin da ya yi yana aiki?

Yana aiki. Wannan gardama a Afirka aka yi ta, kuma an gama ta tun da daɗewa. Bayan tsanantawar da Sarkin Rum Diyokiletiyan ya fara a shekara ta 303, wasu Kiristocin Arewacin Afirka, mabiya Donatus, suka ce duk limamin da ya miƙa littattafai masu tsarki ga hukuma don tsoro, baftismarsa ta lalace. Waliyyi Agustin, bishof na Hifo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, ya amsa musu cewa ko Bitrus ne ya zuba ruwan ko Yahuza, Kristi ne mai yin baftismar. Da a ce ingancin sakramenti ya rataya a kan tsarkin Fada, da babu wanda zai taɓa kwana da tabbacin baftismarsa, tunda ba wanda ya san cikin wani.

Amma a yi hankali da ɗaya gefen. Sakramenti ba laya ba ce. Mai karɓa da zuciya a rufe, ko wanda ya ƙi tuba, ya hana kansa amfanin abin da aka miƙa masa. Shi kuwa Fadan da ya yi hidima da zunubi a kansa, zai amsa a gaban Allah, kuma idan laifin na cutar da mutane ne, a gaban bishof da hukuma ma.

Nawa ake biya?

Ba a sayar da sakramenti. A Ayyukan Manzanni sura ta 8, Saminu mai sihiri ya kawo kuɗi don ya sayi ikon ɗora hannu, Bitrus ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Dokokin Coci na 1983, a doka ta 848, sun ce mai hidima kada ya nemi komai fiye da baikon da hukumar Coci ta tsayar, kuma kada talauci ya hana kowa samun sakramenti. Akwai kuɗin kati da na rajista da farish kan nema, akwai kuma baikon da ake bayarwa idan an roƙi a yi Mas, wato sujadar Yukaris, don wata bukata. Wanda ba shi da shi ya je ya gaya wa Fada kai tsaye, ba kunya a ciki.

A ganina abin da ya fi hana mutane ba kuɗin farish ba ne. Kuɗin shinkafa ne da anko da haya kujeru. Iyali sai su ɗage baftismar yaro shekara biyu, ko ma'aurata su zauna shekara goma ba su ɗaura aure a coci ba, wai ana jiran a tara na biki. Coci ba ta ce a yanka ko kaza ba. Ruwa, Fada, iyaye da uban baftisma sun wadatar. Biki ya zo daga baya in Allah ya hore.

Me ya sa ake yi wa jarirai baftisma alhali ba su san komai ba?

Domin baftisma kyauta ce da Allah yake fara bayarwa kafin mutum ya yi wani abin da zai cancanta. A Ayyukan Manzanni sura ta 16 an yi wa Lidiya baftisma da mutanen gidanta, haka ma mai tsaron kurkukun Filibi da iyalinsa duka. Doka ta ce iyaye su kawo jariri cikin makonnin farko. Sharaɗi shi ne aƙalla ɗaya daga cikin iyayen ya yarda, kuma akwai kyakkyawan zaton za a rene shi cikin bangaskiyar Katolika. Idan babu wannan zaton, Fada yana iya jinkirtawa, ya kuma bayyana dalili.

Babba kuwa sai ya bi ajin koyarwa, wanda a wurare da yawa yakan kai shekara biyu ko fiye, kuma galibi a daren Ista ake yi masa Baftisma da Tabbatarwa, ya karɓi Tarayya a Mas ɗaya.

Jariri na bakin mutuwa, Fada yana nesa. Yaya za a yi?

Kowa na iya yi masa baftisma: uwa, ungozoma, ma'aikaciyar jinya, har wanda ba Kirista ba, muddin ya yi niyyar yin abin da Coci take yi. A zuba ruwa na gaske a kansa ana cewa: "Ina yi maka baftisma cikin sunan Uba, da na Ɗa, da na Ruhu Mai Tsarki." Mutum ɗaya ne zai zuba ruwan ya kuma faɗi kalmomin. Daga baya a sanar da farish don a rubuta a rajista.

Kada a yi wa kalmomin kwaskwarima. A 2020 fadar Vatican ta bayyana cewa baftismar da aka ce "muna yi maka" a maimakon "ina yi maka" ba ta inganta ba. A shekarar ne wani Fada a Ditiroyit ta Amurka ya kalli bidiyon baftismarsa ta jarirantaka, ya ji an faɗi "muna", sai da aka yi masa baftisma, aka tabbatar da shi, aka kuma naɗa shi daga farko. Wasu sun ga abin kamar tsanani, amma dalilin shi ne wanda Agustin ya faɗa: "ina" ɗin nan bakin Kristi ne.

Jaririn da ya rasu ba baftisma, Coci tana danƙa shi ga jinƙan Allah da bege, kuma akwai addu'ar jana'iza ta musamman dominsa.

Na fito daga wata coci. Za a sake yi mini baftisma?

Idan da ruwa aka yi maka, cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba a sakewa. Baftisma, Tabbatarwa da Naɗi sau ɗaya ake karɓar kowannensu. Za ka kawo takardar baftismarka, ka bi koyarwa, ka furta bangaskiya, sannan a tabbatar da kai. Inda aka yi "cikin sunan Yesu" kaɗai, ko aka kasa gano yadda aka yi, Fada zai bincika, kuma idan shakka ta ƙi gushewa yakan yi baftisma bisa sharaɗi.

Wa zai iya zama uban baftisma ko uwar baftisma?

Ɗan Katolika da ya kai shekara 16, ya karɓi Tabbatarwa da Tarayya, yana kuma zaman da ya dace da bangaskiya. Mahaifi ko mahaifiyar yaron ba za su zama ba. Mutum ɗaya ya isa, in biyu ne to namiji da mace. Kirista na wata coci yana iya tsayawa shaida tare da ɗan Katolika. A zaɓi wanda zai tambayi yaron ko yana zuwa coci, ko da ba shi da mota.

Me ya sa sai an jira bishof kafin a yi Tabbatarwa?

Domin a Ayyukan Manzanni 8, bayan Filibus ya yi wa mutanen Samariya baftisma, Bitrus da Yahaya ne suka zo suka ɗora musu hannu suka karɓi Ruhu Mai Tsarki, bishof kuwa magajin manzanni ne. Yakan shafa man kirisma a goshi, wato man zaitun da aka gauraya da turare, wanda shi da kansa ya keɓe a Mas na Makon Mai Tsarki tare da man masu shirin baftisma da na marasa lafiya. Fada yana iya tabbatarwa idan bishof ya ba shi izini, ko yana yi wa babba baftisma, ko akwai haɗarin mutuwa. A Cocin Katolika na Gabas, irin na Kibɗawan Masar da na Habasha, Fada ne ke tabbatar da jariri nan take bayan baftisma.

Me ya hana a yi Mas da tuwon dawa ko fura, tunda su ne abincinmu?

Tambayar ba ta wasa ba ce, malaman tauhidi na Afirka da dama sun yi ta, suna cewa alkama da inabi ba su ne cimar talakanmu ba, kuma ruwan inabin ma sau da yawa daga waje ake shigo da shi. Amsar Coci ita ce ba ta da ikon sauya abin da Yesu ya ɗauka da hannunsa a daren da aka bashe shi. Doka ta 924 ta ce gurasar ta zama ta alkama zalla, ruwan inabin kuma na 'ya'yan inabi tsantsa wanda bai lalace ba, a ɗiga masa ruwa kaɗan. A Cocin Latin, wadda mu muke ciki, gurasar ba ta da yisti. Mas ba cin abincin gari ba ne kawai, komawa ce ga wani dare guda a Urushalima da hadayar gicciye da ta biyo baya.

Mun gaskata cewa bayan Fada ya faɗi kalmomin keɓewa, abin da ke kan bagade jikin Kristi ne da jininsa, ko da yake kamanni da ɗanɗano ba su sauya ba. Dalilin durƙusawa ke nan, da fitilar da ke ci dare da rana kusa da inda ake ajiye shi.

A ƙauyenmu katikis, malamin koyarwa wanda ba Fada ba, shi ne ke jagorantar sujadar Lahadi. Mas ne wannan?

A'a. Sujadar Kalmar Allah ce, ko da an raba Tarayyar da Fada ya keɓe a baya. Firist kaɗai ke iya yin Mas. Amma wanda ya halarci wannan sujada saboda babu Mas a kusa bai yi laifin komai ba, kuma kada a raina ta. Tun da mishan na SMA, ƙungiyar masu kai bishara Afirka, suka sauka a Shendam a 1907, katikis ne suka riƙe yawancin ƙananan majami'u na Arewa, su ke koyarwa, su ke binne matattu, su ke shirya mutane kafin Fada ya zagayo. A dayosis masu faɗi kamar Sakkwato, Kwantagora ko Maraɗi, tazarar da ke tsakanin majami'u kaɗai ta isa ta bayyana dalili.

Wa ya cancanci karɓar Tarayya?

Ɗan Katolika mai baftisma, wanda ba ya ɗauke da babban zunubin da bai furta ba, ya kuma yi azumin awa ɗaya kafin karɓa. Ruwa da magani ba sa karya wannan azumi, tsofaffi da marasa lafiya kuma an ɗauke musu. Da can daga tsakar dare ake kame baki, Paparoma Piyus na 12 ya mai da shi awa 3 a 1957, Paparoma Bulus na 6 ya mai da shi awa 1 a 1964. Yara kan fara karɓa da zarar sun yi wayo, wajen shekara 7, bisa umarnin Paparoma Piyus na 10 a 1910, ko da yake farish da yawa sukan ɗan ƙara saboda koyarwa. Mafi ƙaranci shi ne sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista.

Baƙon da ba ɗan Katolika ba, muna maraba da shi a Mas, amma ba ya karɓa. Ba don an raina shi ba. "Amin" ɗin da mai karɓa yake cewa shaida ce ta yarda da duk abin da Coci ta gaskata game da wannan gurasa, bai kuwa kamata a sa baƙo ya shaida abin da bai yarda da shi ba.

Kallon Mas a talabijin ko furta zunubi ta waya fa?

Majinyaci ko wanda ba shi da halin fita yana samun albarka a kallon, kuma dama wajibcin Lahadi ba ya kansa. Mai lafiya kuwa kallo bai sauke masa ba. Ta waya ko ta intanet ba a karɓar gafarar sakramenti, ko a kullen korona na 2020 ba a sassauta wannan ba. Wanda ya rasa Fada ya yi nadama ta gaske don ƙaunar Allah, da niyyar zuwa furtawa da zarar hali ya samu.

Me ya sa zan gaya wa mutum ɗan'uwana zunubina?

A Yahaya 20:22-23 Yesu ya hura wa almajiransa numfashi ya ce duk wanda suka gafarta wa zunubai an gafarta masa. Allah ne mai gafara, Fada bakinsa ne kawai. Akwai kuma abin da duk mai zuwa ya sani: zunubin da ka faɗa da bakinka ya daina ɓuya a bayan uzuri, kuma jin "na gafarta maka" da kunnenka daban yake da zato. Ana bukatar nadama, furta manyan zunubai duka, da cika aikin tuban da aka ba ka. Wanda ya ci kuɗin wani sai ya mayar. Taron Lateran na 4 a 1215 ne ya wajabta furtawa aƙalla sau ɗaya a shekara.

Sirrin kuwa ba shi da ƙofa. Fada ba zai faɗa wa bishof ba, ko alƙali, ko matarka, ko da za a kashe shi. Wanda ya tona kai tsaye ya fita daga tarayyar Coci nan take, kuma fadar Paparoma ce kaɗai ke iya kwance shi.

Kiran Fada ya shafa wa majinyaci mai ba alamar an fid da rai ba ne?

Wannan tsoron ya sa iyalai da yawa ba sa kira sai mutum ya daina magana, wani lokaci sai ya cika. Wasiƙar Yakubu 5:14-15 cewa ta yi mai ciwo ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a suna shafa masa mai. Taron bishof-bishof na Vatican na 2 ya bayyana cewa ba na masu shure-shuren mutuwa kaɗai ba ne. Mai ciwo mai tsanani, wanda za a yi wa babbar tiyata, da tsohon da ƙarfinsa ya ragu duk suna iya karɓa, kuma ana maimaitawa idan ciwon ya tsananta ko ya dawo. Firist kaɗai ke yi, a goshi da tafin hannu. Man da ake sayarwa ko wanda wani ya yi wa addu'a a taro ba wannan ba ne. Ba ya kuma maye gurbin asibiti. Na mai barin duniya shi ne Tarayyar ƙarshe, guzurin tafiya. Gawa ba a shafa mata, addu'a ake yi.

Mun yi auren gargajiya, an biya sadaki. Bai isa ba?

Coci tana girmama shi, amma ga ɗan Katolika aure ba ya ɗauruwa sai a gaban Fada ko dikin (mai hidimar da ke ƙasa da Fada) mai izini da shaidu biyu. Ango da amarya ne ke ba juna sakramentin ta wurin yardarsu, Fada shaida ne a madadin Coci. Saboda haka auren dole ba aure ba ne, ko wa ya ɗaura shi. Waɗanda suka daɗe tare ana iya gyara nasu a ranar aiki, da shaidu biyu, ba ganga ba kati.

Auren Kirista na wata coci yana bukatar izinin bishof. Auren wanda ba shi da baftisma, Musulmi ko mai bin addinin gargajiya, yana bukatar bishof ya ɗage hani, in ba haka ba bai ɗauru ba. Ɗan Katolikan zai yi alkawarin riƙe bangaskiyarsa da yin iyakar ƙoƙarinsa 'ya'ya su tashi a cikinta, a kuma sanar da ɗayan wannan alkawari tun kafin ranar. Gara a yi wannan magana mai nauyi kafin aure da a yi ta a ranar suna.

Mai mata fiye da ɗaya da ke neman baftisma zai zauna da ɗaya. Doka ta 1148 ta ce idan zama da uwargida ya yi masa wuya yana iya zaɓar wata cikinsu, amma wajibi ne a kula da bukatun sauran bisa adalci. Wannan yana cikin mafi zafin al'amuran da Fada da katikis ke fuskanta a ƙasarmu, domin akwai mata da 'ya'yan da ba su yi laifin komai ba, kuma ba a gaggawa a cikinsa.

Saki kuwa babu, idan masu baftisma biyu suka ɗaura aure sahihi suka kuma sadu. Abin da kotun Coci ke yi shi ne bincika ko tun farko auren ya ɗauru. Paparoma Francis ya sauƙaƙa tsarin binciken a 2015. Macen da ake duka ba a ce ta zauna a kashe ta ba, doka ta yarda da raba zama.

Me ya sa Fada ba ya aure, kuma mata ba sa zama Fada?

Rashin auren doka ce ta Cocin Latin, ba sharaɗin sakramentin ba, shi ya sa Katolikan Gabas suke da firistoci masu iyali. Mai aure da ya kai shekara 35 yana iya zama dikin na dindindin a inda bishof-bishof suka buɗe wannan hanya. Naɗin mataki uku ne: dikin, firist, bishof, kuma bishof kaɗai ke naɗawa. Ana kai matakin firist bayan shekaru na falsafa da tauhidi a makarantu irin su Saint Augustine ta Jos da Good Shepherd ta Kaduna, kuma sai mutum ya kai shekara 25. Dattawan Kaduna suna tuna Fabrairun 1982, lokacin da Paparoma John Paul na 2 ya naɗa firistoci a garin da hannunsa. Shi ne kuma ya rubuta a 1994 cewa Coci ba ta da ikon naɗa mata firistoci.

Yaushe aka fara Mas da Hausa da ganga?

Ƙofar ta buɗe ne da takardar taron Vatican na 2 kan sujada, ta 4 ga Disamba 1963, wadda ta ba harsunan jama'a wuri, ta kuma nemi kowa ya sa baki a sujada maimakon ya zauna kallo. Kafin nan da Latin ake yi. Kwango ta ma samu nata tsarin Mas da Roma ta amince da shi a 1988. Waƙa, kiɗa da rawar kai baiko suna da faɗi, amma Fada ba shi da ikon sauya addu'o'in Mas yadda ya ga dama.

Katin baftismata ya ɓace, ga aure ya matso. Ina zan nufa?

Farish ɗin da aka yi maka baftisma. A rajistarsu ake rubuta Tabbatarwarka da aurenka ko naɗinka, ko a ina aka yi su, don haka sabuwar takarda ake nema daga can, ba tsohon kati ba. Idan a ƙaramar majami'ar ƙauye aka yi, nemi farish ɗin da ke riƙe da ita a wancan lokacin. Idan rajistar ta ƙone ko ta salwanta a rikici, je ofishin dayosis tare da wanda ya halarci baftismar, uban baftisma ko ɗaya daga cikin iyayenka, domin shaidar mutum ɗaya amintacce tana iya wadatarwa. Fara neman watanni kafin ranar, tunda akwai ajin shirin aure da sanarwar da za a karanta a coci kafin a ɗaura.